Ta yaya ake hasashen yawan lambobin yabon da ƙasa za ta ci a gasar Olympics?

Ɗan Tsere:
Assalamu alaikum. Duk lokacin da gasar Olympics ta ƙarato sai ka ga an fitar da jadawali ana cewa ƙasa kaza za ta ci zinare kaza, azurfa kaza, tun ba a kunna wutar gasar ba. Ina son masana su yi mana bayanin yadda ake wannan lissafin daki-daki. Da me ake farawa? Yawan jama'ar ƙasa ake dubawa, ko arzikinta, ko 'yan wasan kansu? Kuma me ya sa hasashen yake dacewa a kan manyan ƙasashe amma ya sha ƙasa a kan ƙanana?

Malam Ƙididdiga:
Wa alaikumus salam. Hanya biyu ce, kuma kowacce da inda take aiki.

Ta farko daga sama take kallon ƙasa, ba ruwanta da sunan ɗan wasa. Masana tattalin arziki biyu, Andrew Bernard da Meghan Busse, sun wallafa bincike a 2004 da ya nuna cewa yawan jama'a da abin da kowane mutum yake samu, in aka haɗa su, suna bayyana kaso mai yawa na lambobin da ƙasa take ci. Amma abin da ya fi komai ƙarfi shi ne abin da ƙasar ta ci a gasar da ta gabata. Saboda haka mafi sauƙin farawa shi ne ka ɗauko sakamakon gasa biyu ko uku na baya, ka mayar da shi kaso cikin ɗari na jimillar lambobin da aka raba, don yawan wasanni yana sauyawa: 339 a Tokyo 2020, 329 a Paris 2024. Ka ba gasar da ta fi kusa nauyi mafi yawa, sannan ka ninka kason da adadin lambobin da za a raba a gasa mai zuwa.

Birtaniya ce misalin da ya fi nuna ƙarfin wannan hanya: 65 a Landan 2012, 67 a Rio 2016, sannan 65 a Paris 2024. Wanda ya ce kamar na gasar da ta gabata za a yi, bai yi nisa da gaskiya ba.

Daga nan sai gyara. Babban gyara shi ne na mai masaukin baƙi. Faransa ta tashi daga 33 a Tokyo zuwa 64 a Paris, Japan daga 41 a Rio zuwa 58 a Tokyo. Dalilin a fili yake: mai masauki yana samun gurbi kai tsaye a wasanni da yawa, gwamnati tana zuba kuɗi tun shekara bakwai kafin gasar, 'yan wasa sun san filin, ga 'yan kallo. Sai dai ba ko'ina yake yin girma haka ba, Brazil daga 17 zuwa 19 kawai ta matsa a 2016.

Yawan jama'a shi kaɗai kuwa kada ka dogara da shi. Indiya, da mutane sama da biliyan ɗaya da miliyan ɗari huɗu, lambobi 6 ta samu a Paris ba zinare ko ɗaya. Saint Lucia, wadda ba ta kai mutum dubu ɗari biyu ba, ta tafi da zinare da azurfa ta hannun mace ɗaya, Julien Alfred.

Kociya Mairo:
Malam ya yi bayani mai kyau, amma hanya ta biyu ita ce amsar tambayarka ta ƙarshe, kuma ga ƙasar da ba ta wuce lambobi goma sha biyar ba ita kaɗai ce mai amfani. Wasa-wasa ake bi, ɗan wasa bayan ɗan wasa.

Ka fara da jerin waɗanda suka samu gurbi, ba jerin gwanayen ƙasar ba, domin akwai iyaka. A guje-guje da tsalle-tsalle mutum uku ƙasa take iya sakawa a wasa ɗaya, a ninkaya biyu, a judo mutum ɗaya a kowane rukunin nauyi. Wannan ya sa matsayin duniya yake yaudara. In 'yan Kenya da Habasha sun cika goman farko a tseren dogon zango, wanda yake na goma sha biyu a duniya zai iya zama na bakwai ko na takwas a cikin waɗanda za su tsaya a layi ranar gasa. Dole ka cire rarar kafin ka jera.

Sai ka ba kowane ɗan wasa ƙimar yiwuwar hawa dandamali, tsakanin 0 da 1. Abin dubawa shi ne sakamakon gasar cin kofin duniya ta wasan a shekara biyu na ƙarshe, da mafi kyawun lokaci ko tazarar da ya yi a kakar bana. Tarihin da ya kafa shekara biyar baya ba ya gudu a madadinsa. A ce ƙasa tana da mutum goma masu fatan lamba, ka ba su 0.8, 0.6, 0.5, 0.5, 0.3, 0.3, 0.2, 0.2, 0.1 da 0.1. Jimilla 3.6 ke nan. Hasashenka lamba uku zuwa huɗu ne, ba goma ba. Nan ne masu sharhi suka fi tuntuɓe: duk wanda "zai iya" sai su ƙirga shi lamba guda cikakkiya, ƙarshe a zo ana zargin 'yan wasan da gazawa alhali lissafin ne ya kumbura tun farko. Wannan abin yana damuna ƙwarai, don yara ne da suka yi shekara huɗu suna wahala ake ɗora wa laifin da ba nasu ba.

Ga hanyar gane ko ka yi son kai. A kowane wasa, haɗa ƙimar duk masu fafatawa daga dukan ƙasashe. Dole ta ba da 3, tunda lambobi uku ne. A dambe, judo, kokawa da taekwondo kuwa 4 ce, domin tagulla biyu ake bayarwa. In jimillarka ta kai 5, to ka raba lambobin da babu su, sai ka rage kowa daidai gwargwado.

Abu na ƙarshe, a wasannin sili-ɗaya-ƙwale ka jira a fitar da jadawalin haɗuwa. Ɗan kokawar da ya faɗa ɓangare ɗaya da zakaran duniya ƙimarsa ta zinare ta faɗi tun bai taka tabarma ba.

Malam Ƙididdiga:
Na yarda, Hajiya. Ƙarin da zan yi shi ne kada a taɓa ba da adadi guda tilo, a ba da tazara. A misalinki, a ninka kowace ƙima da abin da ya rage mata ta cika 1, wato 0.8 sau 0.2, 0.6 sau 0.4, har ƙarshe. Jimillar 1.82 ce, adadin da in an ninka shi da kansa yake ba da wannan kuwa kusan 1.35, shi ne tazarar da za a ƙara wa 3.6 ko a rage mata. Ma'ana samun biyu ko biyar duk cikin abin da aka saba ne, kuma komawa gida da ɗaya ba abin al'ajabi ba ne. Kuskuren lamba biyu ga mai tsammanin huɗu rabi ne cur, ga Amurka mai 126 a Paris kuwa ba wanda zai lura.

Alƙalin Layi:
Akwai abubuwan da ke rushe lissafi ko da an yi shi da kyau, kuma zinare ne ya fi shan wahala. Gab da gasar Paris, kamfanin Gracenote ya yi wa Faransa hasashen lambobi 60, ta samu 64, ya yi kusa sosai. Amma zinare 27 ya ba ta, 16 ta ci. Zuwa wasan ƙarshe ana iya hango shi, cin wasan ƙarshe kuwa wani lokaci kaurin gashi ne. Noah Lyles na Amurka ya doke Kishane Thompson na Jamaica a tseren mita 100 da kashi biyar cikin dubu na daƙiƙa, kuma da an juya sakamakon, da zinaren Amurka 39 ne, Sin mai 40 ta hau saman teburi.

Sannan ku kula da lambobin da ke rataye a wuyan mutum ɗaya. Ɗan ninkaya Léon Marchand shi kaɗai ya kawo huɗu daga zinare 16 na Faransa. Hanyar Hajiya tana ɗaukar kowane wasa kamar ba ya da alaƙa da ɗan'uwansa, amma in irin wannan ya ji rauni a kafaɗa, huɗun gaba ɗaya suke tafiya. Ƙasar da ta dogara da tauraro ɗaya ko wasa ɗaya, kamar Kenya da duk lambobinta 11 na Paris daga tsere suka fito, a faɗaɗa mata tazarar.

A duba kuma wa ba ya nan. 'Yan Rasha sun ci 71 a Tokyo, a Paris ƙasar ba ta cikin teburi, waɗannan lambobin wasu ne suka kwashe, musamman a kokawa da wasan takobi da wasan motsa jiki na alkafura. Wanda ya kwafi kason Tokyo bai raba wannan gadon ba, ya rage wa ƙasashe da dama. Haka sauyin wasanni: karate ya shigo a Tokyo ya fita a Paris, a Los Angeles 2028 kuma kurket da squash da ƙwallon baseball suna cikin waɗanda za a ƙara. A tuna cewa ƙungiyar ƙwallon ƙafa gaba ɗaya lamba ɗaya ce a teburi, alhali ɗan ninkaya guda zai iya tara biyar.

Sai abin da ba ya shiga kowane lissafi. An kori 'yar kokawar Indiya Vinesh Phogat a safiyar wasan ƙarshe saboda ta haura nauyin rukuninta da giram 100, azurfar da take hannu ta zama babu. Teburin kansa yana ci gaba da motsi bayan an tashi: an ƙwace wa Birtaniya azurfar tseren miƙa sanda na maza na Tokyo saboda ƙwayoyin ƙara kuzari, jimillarta ta Tokyo ta tashi daga 65 ta koma 64. Don haka mai auna ingancin hasashensa ya rubuta tun farko da wane teburi zai gwada, na ranar rufe gasa ko wanda aka gyara daga baya.