ThinkPad 755C ta daɗe a ajiye, in jona ta ko in dakata?

Mai_Tarin_Tsoffi: Assalamu alaikum. Akwai kwamfutar laptop IBM ThinkPad 755C, mai firosesa 486, ƙirar 1994, ta fi shekara 20 ba a kunna ta ba. Cajarta na nan. Akwai farin gari a bakin batirin. In jona ta in gani, ko da abin da ya kamata a fara yi?

Injiniya_Sabon_Gari: Wa alaikumus salam. Malam, kar ka jona tukuna. Batir uku ne a cikinta: babban, da na agogo mai bolt 3, da wani ƙarami mai caji da ke riƙe aiki yayin canza babban. Wannan ƙaramin shi ya fi yin ɓarna, don ruwansa na bin waya har ya ci layukan tagulla na babban allon cikinta (motherboard). Kibod ɗin 755 yana ɗagawa kamar murfin akwati, sai ka zare babban batirin daga nan, ka bi sauran biyun.

Farin garin ba asid ba ne, dangin kanwa ne, shi ya sa ake kashe shi da farin khal (vinegar). Ɗiga kaɗan da auduga, ka jira kumfar ta tsaya, ka goge da tsohon burushin haƙori, sannan ka wanke da sifirit na isopropyl mai kashi 90 ko fiye. Bar wurin ya kwana ya bushe. Ita ma cajar, auna ta da mita ka gwada da abin da aka rubuta a ƙasan kwamfutar.

Idan kwamfutar ta tashi ta nuna lambobin kuskure 161 da 163, batirin agogo ne ya mutu. Sa sabo, ka saita kwanan wata.

Hajiya_DOS: Ƙari kan bayanin Injiniya: da zarar ta tashi, kwafe faifan ajiyar gaba ɗaya, domin irinsu kan yi aiki yau su tsaya gobe. A madadinsa sa katin ajiya na CF (CompactFlash) da adafta ta IDE, wato mahaɗin faifan, mai fil 44. Katin 512MB ya wadatar, DOS 6.22, manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, ma ba ya wuce 2GB a kashi ɗaya na faifai. In ya ƙi tashi bayan ka zuba DOS, buga umarnin fdisk /mbr.

Baba_Rediyo: Ni ajiyar ce damuwata, ɗana. Zafi da laimar damina suna ruɓar da ledar da ke manne a gilashin sikirin, ta kumbura tana warin tsami. Kwamfutar da ta fara haka a ware ta daga sauran. Kar a sa ta a sito mai rufin kwano, kar kuma a ɗaure ta a leda. Kwali, da ƙunshin silika mai tsotse laima, a ɗaki mai sanyi, batir a waje. Murfin kuma a buɗe shi a hankali da hannu biyu, robar da ke riƙe da hinjin ta bushe, tana karyewa.

Mai_Tarin_Tsoffi: Allah ya saka da alheri. Ƙaramin batirin dole ne a mayar da sabo?

Injiniya_Sabon_Gari: Ba dole ba, tana tashi ba shi. Naɗe bakin wayar da tef kawai.