Neman kalma kafin gobe: dandaƙa ce ko fiɗiya, ta allura kuma fa?

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Gobe da ƙarfe goma za mu naɗi shirinmu na kare yara, kuma wata kalma ta tsaya mini a wuya. Zan yi bayani ne kan dokar jihar Luwiziyana ta Amurka, wadda ta fara aiki ran 1 ga Agustan 2024. Ta ba alƙali dama, bayan ɗaurin da ya yanke, ya sa a yi tiyata a cire marainan wanda ya yi wa yaro ko yarinya 'yar ƙasa da shekara 13 fyaɗe. In mutum ya ƙi, a ƙara masa shekara uku zuwa biyar. Wannan na rubuta dandaƙa, yadda muka yi ta faɗa a 2020. To amma tun 2008 jihar tana da wani hukuncin na daban, wanda suke kira chemical castration, wato da magani ake yi, babu wuƙa. Kalifoniya ce ta fara shi a 1996. Dole in raba su biyu a cikin jimla ɗaya, kuma shirin iyali ne, uwa da 'ya'yanta suna zaune tare suke ji. Ku taimaka.

Barista Ɗan Tudun Wada:
Wa alaikumus salam Hajiya. Dandaƙar tiyata da dandaƙar allura. Kunnen mutanenmu ya riga ya saba da kalmar tun da Malam Nasiru El-Rufa'i ya sa hannu a gyaran dokar Kaduna a Satumban 2020: wanda ya yi wa ɗan ƙasa da shekara 14 fyaɗe a dandaƙe shi sannan a kashe, in wadda aka yi wa ta haura 14, dandaƙa da ɗaurin rai da rai. In mai laifin mace ce kuwa, a cire mata bututun ƙwai guda biyu. Kada ki wahalar da kanki.

Malamin Dabbobi:
Barista, a gafarce ni, wannan fagena ne. Dandaƙa daban, fiɗiya daban. Ina yaro na sha riƙe wa kakana ƙafar bunsuru. Za a kayar da shi, a ɗora jijiyar a kan icce, a daddake ta da wani iccen har ta mutu. Ba jini, ba yanka, komai yana nan a cikin fata, sai dai ya motse a hankali. Wannan ita ce dandaƙa, kuma abin da muke yi yau da ƙarfen Burdizzo ke nan. Fiɗiya kuwa da aska ake yi, a tsaga a fitar. Saboda haka abin da Kaduna da Luwiziyana suka rubuta fiɗiya ce. Tun 2020 abin yake ci mini rai, duk makiyayin da ya ji labaran nan ya san an yi kuskure.

Barista Ɗan Tudun Wada:
Na karɓi gyara a kan asali, Malam. Amma fiɗiye mutum? Sai ka ce sa ake magana.

Malamin Dabbobi:
Dandaƙar ma ai daga garke aka ɗauko ta.

Baba Mai Ƙamus:
Shi ya sa nake cewa ku bar kalmomin dabbobi gaba ɗaya. Hausa tana da kalmar mutum: baba, jam'i babanni, wato mazan da aka fiɗiye waɗanda suka yi aiki a fadojin sarakunanmu na da. Daga nan na fitar da babantarwa. A babantar da shi. Babantarwar dindindin ita ce ta wuƙa, babantarwar wucin gadi ita ce ta magani. Ga tsari, ga kunya, ga asali. Shekara huɗu ina kawo wannan kalma a zauren nan ba wanda ya ɗauka, alhali ba a kawo wadda ta fi ta ba. 'Yata Maman Hanifa, ki zama ta farko da za ta faɗe ta a rediyo.

Maman Hanifa:
Allah ya ƙara girma Baba. Na karanta ta da ƙarfi yanzu a gaban abokiyar aikina, sai ta ce, "A bambanta shi da wa?" A rediyo ba a ganin rubutu.

Baba Mai Ƙamus:
Laifin kunnenta ne. A ja wasalin farko, baabantarwa. In mai gabatarwa ta iya furuci ba wanda zai ruɗe. Kowace sabuwar kalma baƙuwa ce ran farko. Ku da kuke cewa na'ura mai ƙwaƙwalwa, da ita aka haife ku?

Yaya Talatu:
Baba, ni damuwata ba furuci ba ce. Babannin nan bayin Allah ne da aka zalunta, yawancinsu tun suna yara aka yi musu, ba su yi wa kowa laifi ba. Mu ɗauki sunansu mu liƙa wa mai lalata yarinya 'yar shekara biyar? Raina bai kwanta ba.

Baba Mai Ƙamus:
Kalma ba ta ɗaukar zunubi, Talatu.

Nas Rakiya:
Ku dakata, akwai abin da ya fi wannan haɗari. Ɗaya daga cikin magungunan da ake yin hukuncin nan da su a Amurka shi ne Depo-Provera, allurar tazarar haihuwa da nake yi wa mata duk bayan wata uku. A jikin namiji tana rage sinadarin da ke tayar da sha'awa. Ba ta cire komai, kuma in aka daina yi, galibi sha'awar tana dawowa. Shi ya sa a Alabama, a dokarsu ta 2019, sharaɗi ne na sakin talala: a fara wa mutum kafin ya fita daga kurkuku, ya ci gaba har sai kotu ta ce ya isa. To ki faɗi "dandaƙar allura" a rediyo gobe, jibi wani maigida zai hana matarsa zuwa awo, ya ce a asibiti dandaƙe mutane ake yi da allura. Mun ga abin da jita-jitar hana haihuwa ta yi wa rigakafin shan inna a Kano a 2003. Makon jiya wata ta zo mini da katinta a ƙulle a bakin zane, a ɓoye, don kada kishiya ta gani ta kai wa miji. Irinta nake tunawa. Ku ce allurar kashe sha'awa.

Barista Ɗan Tudun Wada:
Hujjarki tana da ƙarfi, Nas. Sai dai kin ce sha'awar tana dawowa, to ba a kashe ba ke nan. Kuma ba a jin ƙamshin hukunci a ciki, kamar maganin da mutum zai saya a kemis.

Nas Rakiya:
To danne sha'awa. Hukuncin allurar danne sha'awa.

Ɗan Damagaram:
Ina ta karatu ina jinjina kai. Kuna neman Hausa tsantsa kuna cewa tiyata, kemis, nas. Mu a nan aikin fiɗa muka sani, likitan fiɗa. Ingilishi ya cinye Hausar Najeriya, sannan ku ne kuke yanke wa kowa yadda za a faɗa, mu sai dai mu kunna rediyo mu bi.

Bakano:
Malam, ku da kuke tura yara lakwal, kuke kiran asibiti likita? Daidaitacciyar Hausa a kan karin Kano aka gina ta, ba mu muka roƙa ba.

Ɗan Damagaram:
An gina ta a kan karin Kano don can Bature ya zauna da alƙalaminsa. Wannan bai mai da ku iyayen harshe ba.

Baba Mai Ƙamus:
Ku duka biyun kun tabbatar da maganata. Allura ma aro ce daga Larabci, hukunci haka. Babantarwa kuwa Bahaushiya ce uwa da uba.

Bakano:
Ni fa ban ga amfanin wannan wahala ba. Mai yi wa yara fyaɗe a kashe shi kawai. Fulorida ba ta yi dokar kisa a 2023 ba?

Barista Ɗan Tudun Wada:
Ta yi, ga wanda ya yi wa ɗan ƙasa da shekara 12. Amma tun 2008 Kotun Ƙolin Amurka, alƙalai biyar a kan huɗu, ta ce kisa a kan fyaɗen yaro, in yaron bai mutu ba, ya saɓa wa tsarin mulki. A shari'ar da ta taso daga Luwiziyanar nan ma aka yanke. Fulorida ta yi dokar ne da niyyar a koma kotun ta sake tunani. A nan gida kuwa kotu tana yankewa, gwamnoni ba sa son sa hannu, mutane suna tsufa a gidan yari suna jira.

Yaya Talatu:
Kuma a aikina na rakiyar yaran nan zuwa kotu, sau da yawa mai laifin kawu ne, ko maƙwabci, ko mijin uwa. Da dangi suka ji kalmar kisa sai su rufe ƙofa su ce a bar wa Allah. Na taɓa zama da wata uwa a barandar kotu tun safe har azahar, tana murza bakin mayafinta, ƙarshe ta tashi ta ce ba za ta zama sanadin ran ƙanin mijinta ba. Yarinyar tana riƙe da hannuna. Maman Hanifa, ki sa wannan a shirin don Allah, ko da minti biyu ne.

Maman Hanifa:
Yana ciki, Yaya, shi ne ma rabin shirin. Dare ya yi, ga abin da na rubuta: "A jihar Luwiziyana alƙali yana iya yanke hukuncin dandaƙa, wato a yi aikin fiɗa a cire maraina, ko kuma hukuncin allurar danne sha'awa, wadda ƙarfinta yake gushewa in an daina yi." Malamin Dabbobi, na san fiɗiya ce daidai, amma dandaƙa mai sauraro ya sani, shi ya sa na bi ta da bayani. Ɗan Damagaram, na ɗauki aikin fiɗa, na gode. Sunan maganin ba zan ambata ba sam.

Malamin Dabbobi:
Ban gamsu ba, amma tunda kin ce a cire, makiyayi zai gane fiɗiya kike nufi.

Barista Ɗan Tudun Wada:
Ta yi tsawo. A kanun labarai ba wanda zai rubuta kalma huɗu, za ku ga dandaƙar allura ta dawo.

Nas Rakiya:
In ta dawo zan kira gidan rediyon da kaina.

Baba Mai Ƙamus:
Kin yi bayani, 'yata, ba ki raɗa suna ba. Jimla ba kalma ba ce. Allah ya ba da sa'ar shiri. Babantarwa tana nan a littafina, shafi na 40.

Maman Hanifa:
Amin Baba. Saura ɗaya: jerin sunayen masu laifin fyaɗe da hukumar NAPTIP mai yaƙi da fataucin mutane ta buɗe a 2019, rajista zan ce ko kundi?

Ɗan Damagaram:
Kundi.

Bakano:
Kundi na malamai ne da ɗaliban jami'a. Rajista.