Scotty ko Geordi, wa ya fi iya gyaran jirgin sararin samaniya?

DanAgege: Salam jama'a, jiya mun sha musu a teburin mai shayi a Agege, tsakanin Scotty da Geordi, injiniyoyin jirgin sararin samaniya a shirin talabijin na Star Trek, wa ya fi?

Bakanike: Malam ai Scotty ne, jirginsu ya lalace ya adana kansa cikin na'urar tura mutane daga wuri zuwa wuri nan take, shekara 75 har aka fito da shi da rai, wannan basirar fa?

MamanIdiAraba: Geordi dai, makaho aka haife shi amma da gilashi na musamman da yake sawa a ido yana hango tsagewar ƙarfe wadda ido ba ya gani.

YaronGareji: Yaya kun manta Kaylee ta shirin talabijin na Firefly, bata yi makarantar injiniya ba, jirgi tsoho kuɗin sifiya babu, amma injin na tafiya. Wallahi ogana na kasuwar kayan mota ta Ladipo take tuna min, da kunne yake gane ciwon mota.