Me ya sa polima ke huda tantanin bakteriya ta bar namu?

Ɗaliba, Yamai:
Assalamu alaikum. Ina karatun harhaɗa magunguna a Jami'ar Abdou Moumouni. A jikin kwalin wani bandeji na ga an rubuta PHMB, kuma an koya mana cewa irin wannan polima, wato doguwar sarƙar sinadari, tana sa tantanin bakteriya yoyo har ta mutu. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ƙwayoyin jikinmu ma tantani gare su, to me ya sa ba su fashewa idan an ɗora bandejin a kan gyambo?

Malamin kimiyya, Yamai:
Wa alaikumus salam, ƙanwata. Amsar tana ga cajin lantarki. Fuskar bakteriya cajin negatif gare ta, polimar kuwa pozitif ce, don haka take manne mata. A bakteriya irin su E. coli, masu tantani biyu, na waje da na ciki, magneziyom da kalsiyom ne ke riƙe da tantanin waje, tamkar ɗinkin da ke riƙe da salka, sai polimar ta ture su ta zauna a gurbinsu, sannan ɓangarenta mai gudun ruwa, wato wanda ba ya haɗuwa da ruwa, ya kutsa cikin kitsen tantanin ciki ya wargaza jerinsa. Potasiyom ne ke fara zurarewa domin shi ƙarami ne, manyan abubuwa irin su ATP (sinadarin kuzarin ƙwaya) da RNA (mai ɗaukar saƙon gado) su biyo baya. Namu ƙwayoyin kuwa fuskarsu ta waje kusan ba ta da caji, ga kuma kolesterol da ke ƙara wa tantanin ƙarfi.

Ma'aikacin ɗakin gwaji, Tawa:
Malam, a gafarce ni, amma kada ɗalibar ta ɗauka cewa namu ƙwayoyin sun tsira gaba ɗaya. Idan ɓangaren nan mai gudun ruwa ya yi yawa, polimar ba ta ƙara bambancewa, har jajayen ƙwayoyin jini take fasawa, shi ya sa ake gwada kowace sabuwa da jini. Wanda ya taɓa yin gwajin ya san shi: ruwan saman kwalba ya kamata ya fito garau bayan an juya kwalbar a na'ura ƙwayoyin jinin sun kwanta a ƙasa, idan ya fito ja, an yi ɓarna.

Ɗaliba, Yamai:
Na gode muku, malamaina. To kitozan fa, wanda ake samu daga ɓawon ƙaguwa da jatan lande, hanyarsa ɗaya ce?

Malamin kimiyya, Yamai:
Gyaran abokin aikina daidai ne, na karɓa. Kitozan ma da caji yake aiki, sai dai ba ya samun cajin sosai sai a ruwa mai ɗan tsami, ƙasa da 6.5 a ma'aunin tsami na pH, kuma wannan ne rauninsa a ganina, tun da jini yana wajen 7.4. PHMB kuwa tana riƙe da cajinta a can, kuma ba huda kaɗai take yi ba, tana shiga ciki ta dunƙule DNA ɗin bakteriyar.