Albasa ba ta yi halin ruwa ba: zagi ne ko gugar zana?

Ɗan Gangare: Salamu alaikum. Jiya a wurin suna a Anguwan Rogo ta Jos gwaggona ta dubi ƙanena ta ce "albasa ba ta yi halin ruwa ba", don bai durƙusa ya gaishe ta ba. Yaron ya tashi ya bar gidan. Ni tambayata: maganar nan ɗan kawai take duka, ko har da marigayi babanmu?

Malamin Makaranta: Wa alaikumus salam. Ai yabon mahaifinku ta yi, shi ne ruwan. Yaron ne ya sha kashi.

Maman Biyu: Malam, a bakin mata ba haka take ba. In dangin uba suka faɗa, uwar suke nufi, wato daga can aka kwaso warin.

Malamin Makaranta: To albasar ma baƙuwa ce. Basal ne da Larabci, tana cikin Baƙara aya ta 61, inda Bani Isra'ila suka roƙi Annabi Musa ita. Mu muka ɗauke ta haɗe da "al" ɗin, kamar a alƙali da allura. Yarbawa na cewa alubosa, Ibo yabasi. Ina ganin a bakin fatakenmu suka ji.

Na Farin Gada: Har gobe a kasuwa alubosa matan Yarbawa ke ce mana, ba mu taɓa neman tafinta ba.

Maman Biyu: Kun tuna min da kakata, Allah ya jiƙanta. Daga Kano aka kawo ta Bukuru zamanin haƙar kuza, tana da ɗan lambu a bakin tafkin da Turawa suka bari. Kawuna ya faɗa caca, kishiyarta ta yaɓa mata wannan maganar gaban baƙi. Ba ta tanka ba. Ranar girkinta ta yi miya ba ko ɓallin albasa, mai gida ya kai loma ɗaya ya ture kwano. Ta ce, "Malam, halin ruwa ne na dafa muku." Har ta rasu tana cewa ruwa ɗaya ke shayar da rake da albasa, kuma ba wanda ya taɓa tuhumar ruwan. Kawun nan shi ya yi jinyarta shekara da shekaru.

Ɗan Gangare: Allahu akbar. Allah ya kai haske kabarinta.

Baban Yara: Akwai wani da muka tura Abuja, ubansa ko keke bai bari ba saboda gaskiya. Shi kuwa...

Na Farin Gada: Wannan ai tafarnuwa ce, Alhaji. Rijiyar burtsatsen da ya yi mana alkawari ma ba mu ga ruwanta ba, balle halinsa.

Malamin Makaranta: Mu dawo kan magana. In uban ne lalatacce, ɗan ya shiryu, za a iya faɗinta?

Baban Yara: Ban taɓa ji ba. Na Farin Gada, albasar Aliero ta fara shigowa kasuwa kuwa?