Wace raket zan saya ta ƙwallon tebur?

Ɗan Zariya: Salam 'yan uwa, wata shida ke nan ina buga ping-pong a unguwarmu, robar raket ɗina ta yi sulɓi ƙwallo ba ya juyawa ko kaɗan, in sayi raket ta kamfanin Butterfly mai tsada ne ko yaya?

Baban Yara: Ƙanena kada ka zubar da jikkunanka tukuna. Raket mai kabon, wato wadda aka sa fallen kabon cikin katakonta, gudu gare ta, hannunka bai zauna ba ƙwallo zai dinga tsallake tebur. Nemi katako zalla mai falle 5 da roba mai taushi.

Na Sabon Gari: Wallahi gaskiya ne, ni da mai tsada wani dattijo ya cinye ni 11 da 3, ƙafa da ƙugu yake juyawa yana gogar ƙwallon ba dukansa ba.

Baban Yara: Kuma ƙurar Maradi ke kashe roba, ka goge da ɗan ruwa bayan wasa, kada ta sha rana.