Raina yana ɓaci ba dalili, me kuke yi idan hakan ta same ku?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema a kan abin da ya tsaya min a rai. Kwanan nan nakan wayi gari ƙirjina a cunkushe, babu wanda ya ɓata min, amma ko ƙarar rufe ƙofa na ji sai haushi ya taso. Ƙaramar 'yata takan kawo min zanen da ta yi tana jiran in yaba, ni kuwa murmushin ma sai na ƙaƙaro shi. Wannan ya fi komai ci min rai.

Ba zama na yi na naɗe hannu ba. Ina ƙoƙarin samun barcin awa 7 zuwa 8, na daina kwana da waya a hannu, kuma na fara tattaki tunda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako. Tattakin yana aiki, gaskiya, jikina yakan saki. Amma da yamma ta yi sai ƙuncin ya dawo.

Inda na maƙale shi ne lokacin da abin ya taso ina tsakiyar aiki ko cikin mutane, babu halin fita. Jan numfashi a hankali yakan ɗan rage zafin, ba ya kawar da shi. Me kuke yi a irin wannan lokaci?

Kuma tunda likitoci suna cewa ƙuncin da ya wuce mako 2 tare da daina jin daɗin abubuwa alama ce ta ciwon damuwa, ko ya kamata in je asibiti tun yanzu, ko da yake ina cin abinci ina kuma zuwa aiki?